Gadar Sama Ko Motar Haya? Tambayoyin Da Ba Mu Yi Wa Masu Tafiyar Da Birnin Kano

Mai karatu, idan kana zaune a Kano ka san wannan abin. Ka hau gadar sama da yamma, iska ta ɗan buge ka, direba ya taka mota, ka ji kamar gari ya gyaru. Minti ɗaya ko biyu, sai ku sauko. A ƙasan gadar ko a mahaɗar da ke gaba sai ku tarar da layin nan dai da kuka baro jiya: 'yan adaidaita sahu sun cusa kai ta ko'ina, mai baro yana neman hanya, tirela tana tuttular da baƙin hayaƙi a fuskar mai tallan ruwan leda. Gadar ta yi aikinta, ta tsallakar da ku mahaɗa ɗaya. Cunkoson kuwa gaba kawai ya matsa ya jira ku.

A wannan rubutu ina so mu duba yadda ake tafiyar da sufurin birnin Kano da idon kimiyya da lissafi. Suka zan yi, kuma sukar ta shafi gwamnatocin da suka biyo juna daga jam'iyyu daban-daban, ta kuma shafe mu, mu da muke tafi idan an yanke ƙyallen buɗe aiki ba tare da mun tambayi me aikin ya zo magancewa ba.

Me ke fitowa daga salansa?

Bari mu fara da abin da ke ba ɗalibai mamaki a aji. Lita ɗaya ta fetur ba ta kai kilo ɗaya a nauyi ba, kusan giram 740 ce. Amma idan inji ya ƙona ta, yakan fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon dayoksaid. Ta yaya abin da ya fita ya ninka abin da ya shiga sau uku? Amsar tana cikin iskar da inji ke zuƙa. Mafi yawan nauyin fetur sinadarin kabon ne, kimanin giram 640 a lita. Wurin ƙonewa, kowace ƙwayar kabon mai nauyin 12 tana haɗuwa da ƙwayoyin oksijin biyu masu nauyin 32, jimla 44. Wato nauyin ya ninku kusan sau 3.7. Ka ninka giram 640 da wannan, ka ga kilo 2.3 ya fito. Man dizal, wanda muke kira gas, ya fi haka: kusan kilo 2.7 a lita.

Ita wannan iska ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana riƙe zafi a sararin samaniya, ita ce babban tushen ɗumamar yanayi. Sufuri na fitar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk kabon dayoksaid da duniya ke fitarwa ta hanyar ƙona makamashi.

Sai dai wanda ya fi kusa da ƙirjinka shi ne hayaƙin da kake gani da wanda ba ka gani. A cikinsa akwai 'yan mitsi-mitsin ƙura da masana ke kira PM2.5, saboda faɗinsu bai wuce maikuromita 2.5 ba. Silin gashin kanka ya fi su kauri kusan sau 30. Gashin hanci da majina ba sa iya tare su, sukan wuce har can ƙarshen huhu, mafi ƙanƙanta su shiga jini. Daga nan ake danganta su da asma, cutar huhu, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta jawo mutuwar mutane miliyan 4.2 a 2019. A 2021 kuma ta tsaurara ma'auninta: matsakaicin PM2.5 na shekara kada ya wuce maikurogiram 5 a kowace kubik mita ta iska, na yini guda kada ya wuce 15.

Mu a nan akwai ƙarin hunturu. Da daddare idan sama ta washe, ƙasa na saurin huce zafinta, iskar da ke dab da ita ta yi sanyi ta yi nauyi, ta kasa tashi. Iska mai ɗumi ta zauna a kanta kamar murfin tukunya. Duk hayaƙin da aka saki da asuba, na mota, na janareto, na bolar da aka cinna wa wuta, sai ya tsaya daidai tsayin hancin yaron da ke tafiya makaranta. Ka haɗa da ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara. Ƙurar hunturu ba mu da iko a kanta. Hayaƙin da muke ƙara mata kuwa, wannan shawarar mutane ce, kuma a ofis ake yanke ta.

Lissafin fasinja ɗaya

Yanzu ɗauko biro. Alƙaluman da zan ba ka misali ne na aji, kana iya sauya su da na abin hawanka, amma ba su yi nisa da abin da direbobi suka sani ba. A ƙaddara tafiyar kilomita 10 ce.

Motar gida mai shan lita 10 a kilomita 100 za ta ƙona lita ɗaya. Kilo 2.3 kenan. Idan mai ita ne kaɗai a ciki, duka nasa ne. Idan su biyu ne, kowa ya ɗauki 1.15.

Adaidaita sahu mai yin kilomita 25 da lita ɗaya zai ƙona kashi 4 cikin 10 na lita, wato kusan giram 920. Fasinja uku, kowa giram 300 da 'yan kai.

Babbar bas mai shan lita 40 na gas a kilomita 100 za ta ƙona lita 4, wato kilo 10.8. Idan mutum 50 ne a ciki, kowa giram 216. Idan kuma mutum 10 ne kacal, kowa ya haura kilo ɗaya.

Ka ga abubuwa biyu a nan. Na farko, ɗan sahun da ake ɗora wa laifin komai ba shi ne babban mai gurɓata yanayi ba idan aka raba da yawan fasinja. Mai jif ɗin da ke danna masa hon, shi kaɗai a mota da na'urar sanyi, ya ninka fasinjansa sau bakwai ko fiye. Na biyu, sayen bas ba shi ne nasara ba. Bas ɗin da ke yawo rabi fanko ya fi adaidaita sahu ɓarna. Abin da ke sa bas ya cika kuwa shi ne ya zo a kan lokaci, ya bi inda mutane ke zuwa, ya kuma riga sauran ababen hawa isa.

Sai batun fili. Mutum 60 za su shiga bas ɗaya mai tsawon mita 12, wasu a zaune wasu a tsaye. A adaidaita sahu suna buƙatar guda 20, tsawonsu a jere ya haura mita 50 ko da ba a bar tazara ba. A motar gida, biyu-biyu, mota 30 kenan, layin da ya kai mita 135. A nan ne matsalar adaidaita sahu take: yana cin titi fiye da bas, yana tsayawa ko'ina. Amma har a nan ma motar gida ce kan gaba wajen cinye titin da kowa ya biya kuɗinsa.

Me ya sa gada ba ta kashe goslo?

Hankali na cewa idan titi ya cika a faɗaɗa shi. Bincike ya nuna abin ba ya tsayawa nan. Idan tafiya ta yi sauƙi, mutane sukan ƙara tafiya. Wanda da yake jira sai rana ta yi ya fita, yanzu ya fito da safe. Wanda ke hawa haya ya fara tunanin sayen mota. Mai fili ya yanka fulotai a can bayan gari tun da titi ya kai, waɗanda suka tare can kuma dole su yi doguwar tafiya kullum. Cikin 'yan shekaru sabon titin ya cika.

Masana tattalin arziki biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, sun wallafa bincike a 2011 kan biranen Amurka. Sun gano cewa idan aka ƙara tsawon manyan tituna da wani kaso, yawan tafiyar motoci na ƙaruwa da kusan wannan kason. Misalin da aka fi kawowa shi ne babban titin Katy a birnin Houston, wanda aka faɗaɗa a 2008 har ya kai layi 26 a wasu wurare. Ba a ɗau shekaru da yawa ba lokacin da ake ɓatawa a kansa safe da yamma ya sake hawa. A ɗaya ɓangaren, birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya rushe wata doguwar gadar sama a tsakiyar gari tsakanin 2003 da 2005, ya buɗe rafin da aka binne a ƙarƙashinta, ya kuma gyara tsarin bas. Garin bai tsaya cak ba kamar yadda aka yi ta tsoro.

Kada ka fahimce ni a baibai. Akwai mahaɗar da gada ta dace da ita, musamman inda manyan motoci masu wucewa zuwa wasu jihohi ke cakuɗuwa da masu zirga-zirgar cikin gari. Abin da nake suka shi ne mayar da gada amsar kowace tambaya. Daga Ƙofar Nasarawa da Kabuga na zamanin Kwankwaso, zuwa Dangi da Hotoro na zamanin Ganduje, zuwa Ɗan Agundi da Tal'udu na gwamnatin Abba Kabir Yusuf, gwamnatocin da ba sa ga-maciji da juna sun haɗu a kan abu ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: gada ana ganinta, ana ɗaukar hotonta da daddare, ana raɗa mata suna, ana gama ta cikin wa'adi ɗaya. Jadawalin tashin bas ba ya shiga allon kamfe.

Kuma wa gadar ta fi yi wa amfani? Mai tafiyar nesa a mota. Ɗan sahu sau da yawa ƙasa yake bi saboda a nan fasinja yake. Tsohuwar da da take tsallaka titi ta shiga gidan 'yarta, yanzu katangar siminti ce a gabanta. Mai keke kuwa ba a ma tuna da shi ba, a garin da yake shimfiɗe kamar faifai, garin da iyayenmu suka yi ta zuwa kasuwa da makarantar dare a kan Rali.

Shekara ashirin na gyaran gaggawa

Ka dubi yadda muka iso nan. Adaidaita sahu ya shigo ne a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ya ma samo sunansa daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin, kuma da farko don ɗaukar mata aka kawo shi. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa. Dalilin tsaro ne, kuma ana iya fahimtarsa. Amma dubban mutanen da acaɓa ke ɗauka sai sun je inda za su, sai adaidaita sahu ya cike gurbin. Wato abin hawan da yau ya zama ƙashin bayan sufurin birni mai mutum sama da miliyan 4 ya hau wannan matsayi ne ta hanyar shirin tarbiyya da matakin tsaro. Babu wanda ya zauna ya zana shi.

A 2016 gwamnatin Ganduje ta sanar da yarjejeniyar jirgin ƙasa na cikin gari da wani kamfanin Sin, a kan dala biliyan 1.85. Har wa'adinta ya ƙare a 2023 ba a ga dogo a cikin gari ba. A Fabrairun 2021 'yan adaidaita sahu suka tafi yajin aiki kan harajin naira 100 na kullum, a Janairun 2022 suka sake tafiya kan kuɗin sabunta rajista. Duk wanda ya ga mutane suna taka sayyada daga unguwa zuwa kasuwa a waɗannan kwanaki ya san birnin ba shi da madadi. A ƙarshen Nuwamban 2022 aka sanar da hana su bin wasu manyan tituna, bisa cewa an sayo bas 100 da tasi 50. Ba a je ko'ina ba aka janye dokar. Ko lissafin da muka yi a sama ya isa ya nuna dalili: bas 100, ko da kowace ta ɗauki 60, mutum 6,000 ne a sahu ɗaya.

Sai ranar 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma zarce 1,000 a 2024. Birnin da ke da manyan bas masu tsari zai iya raba wannan nauyi a kan mutum 50. Namu a kan mutum uku ya raba shi. Na san ɗalibar da ta koma zuwa lakca kwana uku a mako, ta zaɓi darussan da za ta bari su wuce ta, saboda kuɗin sahu biyu zuwa biyu dawowa ya fi ƙarfin gidansu. Ka ga kenan maganar sufuri mai ɗorewa ba maganar taron otal ba ce. Abin da zai rage hayaƙi shi ne dai abin da zai rage wa wannan yarinya kuɗin mota.

To wa za mu riƙe?

A nan akwai wani ƙulli. Idan mutumin Landan ya ga bas ya lalace, ya san magajin garin da zai tuhuma. Birnin Kano ba shi da hukuma guda da aka zaɓa don shi kaɗai. Ƙananan hukumomi takwas ne suka raba shi: Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo. Fasinjan da ya taso daga Rijiyar Zaki zuwa Sabon Gari ya ratsa fiye da ɗaya kafin ya sauka. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da tashoshin mota, kasuwanni, titunan unguwa, fitilun titi da magudanan ruwa. Manyan titunan gari na hannun ma'aikatar ayyuka ta jiha. Kula da zirga-zirga na hannun KAROTA. Tsara gari na hannun KNUPDA. Iska da itatuwa na hannun Ma'aikatar Muhalli da Sauyin Yanayi. Hanyoyin da suka fita Zariya, Katsina da Maiduguri kuma na gwamnatin tarayya ne.

Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Kowa na da yanki, babu mai ɗaukar alhakin tambaya mafi sauƙi: minti nawa da naira nawa talaka ke kashewa ya je aiki ya dawo, kuma bana abin ya ragu ko ya ƙaru?

A matakin ƙasa kuwa alkawura na nan jibge. A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 Shugaba Buhari ya ce Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa nan da 2060. A watan Nuwamban shekarar ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi. Amma motar da za ta cika ko ta karya wannan alkawari a kan titin Zoo take, ba a Abuja ba. Wanda ke zana titin kuma gwamnatin jiha ce.

Abin da maƙwabta suka gwada

Legas ta kafa hukumar LAMATA da doka a 2002, aikinta tsara sufurin birnin gaba ɗaya. A Maris ɗin 2008 ta buɗe layin BRT, wato bas mai hanyarsa shi kaɗai da aka keɓe da shinge, kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS. Sirrin abin shingen ne. Bas ɗin da ke cikin goslo ɗaya da kowa ba shi da abin da zai jawo fasinja. Wanda ke wucewa kana kallo daga cikin motarka, shi ne zai sa gobe ka bar ta a gida. Legas ta kuma shigar da ƙungiyar direbobin haya cikin tafiyar da layin farko. Wannan darasi ne a gare mu, domin duk tsarin da ya ɗauki dubban matasan da ke cin abinci da adaidaita sahu a matsayin shara da za a share, zai mutu kamar dokar 2022. Wurinsu na nan: kwaso fasinja daga lunguna zuwa tashar bas, aikin da babbar mota ba za ta iya ba.

Dakar ta fara nata BRT a 2024, kilomita 18, da bas masu aiki da lantarki. Darussalam ta Tanzaniya ta fara a 2016, aka yi ta yabo, daga baya ƙarancin motoci ya sa fasinjoji cunkushewa, ambaliya kuma ta riƙa cin garejin da aka gina a kwarin Jangwani. Abuja ta ƙaddamar da jirgin cikin gari a Yulin 2018, ya tsaya a 2020, sai Mayun 2024 ya dawo, kuma tashoshinsa da dama sun yi nisa da inda jama'a ke zaune. Abin lura, duk inda abin ya tafi daidai akwai hukuma guda mai alhaki da kuɗin gyara na kowace shekara. Inda ya ci tura kuma, an sayi ƙarfe an manta da tafiyar da shi.

Haka za ka auna maganar gas na CNG da motocin lantarki da ake yayi yanzu. CNG na rage baƙin hayaƙi sosai, yana rage kabon dayoksaid da kusan kashi ɗaya cikin biyar, amma shi kansa iskar mitan ce, wadda idan ta yi yoyo ta fi kabon dayoksaid riƙe zafi nesa ba kusa ba. Adaidaita sahu mai batir ba ya hayaƙi a titi, amma idan da janareton gas aka yi cajinsa, an dai mayar da salansar bayan shago ne. Kuma ko duk motocin Kano sun koma lantarki gobe, faɗinsu da tsawonsu na nan. Goslo ba ya tambayar me inji ke sha.

Tambayoyin da za ka riƙe

Riƙe hukuma ba zagi ba ne, kuma ba aikin sojojin baka ba ne. Tambaya ce mai lamba a ciki, wadda ba a iya amsa ta da kirari. Ga wasu.

Kafin a fara wannan gada, motoci da mutane nawa aka ƙirga suna bin mahaɗar a awa ɗaya? Bayan shekara da buɗe ta an sake ƙirgawa? Minti nawa tafiyar ta ragu daga farkon titi zuwa ƙarshensa, ba a kan gadar kaɗai ba?

A kasafin bana, nawa aka ware wa gadoji da faɗaɗa titi, nawa aka ware wa bas, hanyar masu ƙafa, hanyar keke da inuwar bakin titi? A cikin abin da aka ware, nawa aka saki?

Motocin da aka saya da kuɗin jama'a, guda nawa ne suka fito aiki yau? Mutum nawa suka ɗauka a watan jiya? Wa ke gyara su?

Ina na'urorin auna iska suke, me suka nuna a makon nan, kuma a ina zan gani ba sai na san wani ba?

Bishiya nawa aka sare don wannan aiki? A cikin waɗanda aka dasa bara, nawa suka kai bana da rai?

Hanyoyin yin tambayar ma akwai su. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takarda, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma kwana bakwai aka ba ta ta amsa. An daɗe ana gardamar ko ta shafi jihohi, sai a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta shafe su. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta nazari kafin manyan ayyuka, da baje rahoton jama'a su gani su yi magana. Jihohi na wallafa kasafin kuɗi da rahoton aiwatar da shi duk wata uku a intanet. Majalisar dokoki na zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafi. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi kuwa, shugaban ƙaramar hukumarka da kansilanka sun rage wurin ɓuya idan ka tambaye su kwata da fitilar layinku. Ga kuma gidajen rediyo, waɗanda a Kano sun fi kowace takarda saurin isa kunnen mai mulki.

Mu masu bincike ma ba mu fita ba. Mukan yi nazarin iska da zirga-zirga, mu buga da Turanci a mujallar da ɗan sahu ba zai taɓa gani ba, mu samu ƙarin girma, shi ke nan. Alhali ɗalibai goma da agogon waya da littafi za su iya auna tsawon tafiya daga Kabuga zuwa Bata sau uku a rana na tsawon wata guda. Ƙananan na'urorin auna PM2.5 sun yi araha yanzu, makaranta ko masallacin Juma'a na iya rataya ɗaya, a riƙa karanta sakamakon da Hausa. Ranar da aka ce aiki ya kawo sauƙi, sai a ajiye lambar bara kusa da ta bana.

Zaɓe na zuwa, kuma za a zo maka da hoton gada mai hawa uku da fitilu. Ka karɓa ka duba, ka yaba idan ta yi kyau. Sannan ka tambayi mai neman ƙuri'ar: ranka ya daɗe, 'yata da ke zuwa makaranta daga Sheka, da me za ta je, minti nawa, naira nawa, kuma wace iska za ta shaƙa a hanya? Ka rubuta amsar da kwanan wata, ka ajiye, don shekara huɗu ba nisa.